Hoto Shaida Ne: Tsokaci a kan Ɗaukar Hoto da Gyaransa a Ƙasar Illo

Hausawa sun daɗe da cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan magana ce darajar hoto ta kafu tun daga ranar da Turawa suka shigo da akwatin ɗaukarsa ƙasar nan. Idan gardama ta kaure a kan girman kifin da aka kama, ko yawan dawakin da suka fito hawan salla, ko iyakar wurin da ruwa ya kai a shekarar ambaliya, da zarar wani ya zaro hoto daga aljihu sai kowa ya kama bakinsa. Dalili kuwa shi ne an yarda cewa baki yana iya ƙari yana iya ragi, amma akwatin hoto ba shi da dangi balle ya yi son kai. Yau wayar hannu ta mai da kowane saurayi mai hoto, ta kuma mai da shi mai gyaran hoto, har ya zamana cikin ɗan lokacin da za a sha ruwa a ajiye moɗa yana iya sauya launin fuskar mutum, ya kawar da garin da ke bayansa, ya ɗora masa wani. Wannan al'amari ya shafi ko'ina, amma akwai wuraren da ɓarnarsa ta fi tsanani, kuma Illo tana cikinsu.

Illo tsohon gari ne da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kabi, a hannun dama na Kogin Kwara, daf da iyakar Jamhuriyar Benin. Tarihin baka na ƙasar Bargu ya jera ta tare da Busa da Nikki a matsayin garuruwa uku da zuriyar Kisra suka kafa, sa'an nan fataken goro masu zuwa Gwanja sun san ta sarai, domin tana cikin mashigan da ayari ke ƙetare kogi. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a birnin Paris ran 14 ga Yuni 1898, da Giris, watau tashar jiragen ruwa ta Illo, aka yi awon iyaka: aka ce layin zai taɓa gaɓar kogi mil 10 sama da ita. Ta haka Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Busa suka faɗa hannun Ingilishi, daga bisani kuma Turawan suka haɗa Illo da masarautar Gwandu. A wannan ɗan yanki ana jin Busanci da Kyanganci da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, Hausa kuwa ita ce ke haɗa kowa a kasuwa. Da wuya a sami wurin da ya fi wannan dacewa da mai nazarin harshe da al'ada.

Duk da haka, idan aka ambaci hoton Kabi, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne masunta da goruna da koma sun auka cikin ruwan Matan Fada. Bukin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara bisa tsarinsa na yanzu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, shi ne ke jawo ƙwararrun masu hoto daga nesa, su yi kwana uku ko huɗu su koma. Ba laifi ba ne, buki ne da ya cancanci a gani. Sai dai garuruwan bakin iyaka ba su da irin wannan rabo, kuma wanda ke ganin ba a rasa kome ba ya dubi abin da ya sami 'yar'uwar Illo. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tsohuwar Busa ta nutse ɗungum, da fadarta da kasuwarta da duwatsun da jirgin Mungo Park ya halaka a kansu a 1806, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwan bakin kogi aka sake musu matsuguni. Wanda yake so ya san kamannin tsohuwar Busa a yau ba shi da inda za shi sai wurin tsofaffi da kuma hotunan da aka ɗauka kafin ruwa ya zo. Tsofaffin nan suna ta ƙarewa.

Ba sai an gina madatsa a ƙofar gari ne wuri ke sauya kama ba. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun cinye gonakin shinkafa da gidaje masu yawa a Jihar Kabi, Bagudo na cikin wuraren da abin ya taɓa, kuma duk gidan ƙasar da ruwa ya rusa ba lalle ne a sake gina shi yadda yake ba. Galibi bulo da kwano ne ke maye gurbinsa. Can sama kuma, Jamhuriyar Nijar ta aza harsashin madatsar Kandaji a 2008, wadda aka tsara domin ta daidaita tafiyar ruwan kogin, abin da ba zai rasa taɓa fadamun da ke ƙasa da ita ba. Saboda haka ɗalibin da zai zo nan da shekara 50 yana neman sanin yadda rumbun Illo yake, ko yadda Basarke ke tuƙa jirgi, ko irin ɗaurin ɗankwalin matan Lolo, ba shi da madogara sai hotunan da samarin yau ke ɗauka da wayoyinsu. Su ne marubutan tarihin wurin, ko sun sani ko ba su sani ba. Tambayar ita ce wane irin tarihi suke rubutawa.

Kowa ya ga irin hotunan da ake nufi, domin sun cika Facebook da WhatsApp da kalandun buki. Mutum baƙi wuluk, kyakkyawa, sai a gan shi ya koma fari fat, fuskarsa sumul kamar ta 'yar tsana. An ɗauke shi a ƙofar gidan ubansa, amma sai ga shi tsaye gaban dogayen benayen Dubai, ko cikin lambun furannin da ba su taɓa tsirowa a Afirka ta Yamma ba. Hoton kogi kuwa, wanda aka ɗauka cikin hazon watan Janairu, an ƙara masa shuɗi har sama ta zama kamar an rina ta a marinar Ƙofar Mata, an cika ciyawa da kore kamar tsakiyar Agusta. Masu yin wannan ba mugaye ba ne, kuma idan aka tambaye su amsar ɗaya ce: hoton bai yi kyau ba, shi ya sa aka gyara. A nan akwai gaskiya, domin mafi yawan gyaran da ake yi magani ne na cutar da aka jawo tun wajen ɗauka, kuma da an san rana da an huta da rabin wahalar.

Illo tana wajen digiri 11 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana takan bi ta tsakar ka sosai sau biyu a shekara, wajen 20 ga Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, sauran watanni ma ba ta yin nisa da hakan. Hasken da ke saukowa daga bisa kai shi ne babban abokin gabar fuska: yana cika kwarmin ido da duhu, ya ja inuwar hanci har leɓe, ya sa goshi ƙyalli, idan kuma mutum yana sanye da malfa ko rawani to fuskar ta tafi ke nan. Akwai kuma wani abu da baƙo daga gabas ba ya lura da shi. Agogon Nijeriya an ɗaura shi ne a kan layin digiri 15 gabas, Illo kuwa ba ta kai digiri 4 ba, saboda haka rana ba ta kaiwa tsaka a can sai wajen ƙarfe ɗaya saura kwata, watau kimanin minti 20 bayan Kano. Ɗalibin da ya karanta a littafi cewa a guji ƙarfe goma sha biyu, ya jira har ƙarfe ɗaya ya fito da na'urarsa, ya faɗa cikin ramin da yake gudu.

A nan Bahaushe ya fi agogo daidai, domin shi da rana ya raba yininsa, ba da ƙarfe ba. Hantsi da la'asar sakaliya su ne lokutan mai hoto. A sa'an nan haske yana zuwa ne daga gefe, da taushi da ɗan ja-ja, yana fito da zubin fuska da saƙar tabarma da shafen bango. Da walaha ta yi abin ya fara lalacewa, daga nan har bayan azahar gara a nemi inuwa. Sai dai a tuna cewa a ƙasashen zafi rana a miƙe take hawa a miƙe take sauka, ba ta jan jiki kamar a Turai, don haka kyakkyawan hasken nan ba ya daɗewa, kuma tsakanin faɗuwar rana da duhu ɗan taƙi ne. Wanda bai zaɓi wurin tsayuwarsa tun da sauran lokaci ba, almuru zai same shi yana neman hanya cikin fadama. Haka kuma kogin a wannan yanki daga arewa maso yamma yake gangarowa zuwa kudu maso gabas, don haka mai tsayuwa a gaɓar Illo yana kallon ruwa, da safe rana tana gabansa, jirage da masunta za su fito baƙi kamar inuwa a kan ruwa mai walƙiya. Da yamma kuwa tana bayansa, sai ta haska masa ɗaya gaɓar da duk abin da ke kanta. Kowane yana da kyansa, amma ba labari ɗaya suke bayarwa ba, kuma mai son a ga irin tarun da ke hannun masunci tilas ya jira yamma.

Matsalar baƙar fata da farar riga ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce tushen yawancin ɓarnar. Na'urar hoto tana da ma'aunin haske wanda ke tattara duk abin da ke gabanta ya nemi matsakaici. Idan dattijo ya sha farar babbar riga ya tsaya a rana, farin nan mai yawa yakan ruɗi ma'aunin ya ɗauka haske ya yi yawa, sai ya rage, rigar ta fito daidai, fuskar ta nutse cikin duhu. Daga nan sai mai waya ya shiga jan haske da yatsa har fuskar ta koma toka-toka, ya ce ya gyara. Alhali maganin ba ya cin ko kwabo: a kai dattijon bakin inuwar tsamiya ko ƙofar zaure, ya fuskanci fili, a taɓa fuskarsa a jikin gilashin waya domin na'urar ta auna haske da ita, idan da hali wani yaro ya riƙe farin zane ko farantin silba daga gefe ya mayar da haske ƙarƙashin haɓa. A guji inuwar da ke da huji-huji, irin ta darbejiya mai ƙarancin ganye, don takan yi wa fuska dabbare-dabbare. Ya kamata kuma a san cewa wannan matsala tana da tarihi. Tun daga wajen 1950 kamfanin Kodak ya riƙa rarraba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya domin su daidaita launi da shi, kuma binciken da Lorna Roth ta buga a 2009 ya nuna cewa koke-koken masu sayar da cakulan da kayan katako na cikin abin da ya sa aka kyautata yadda fim ke fito da launin ƙasa-ƙasa. Watau na'urar ba domin fuskar Bakyange aka ƙera ta ba tun farko. Kamfanonin waya irin su Tecno da Google sun yi ƙoƙarin gyara wannan a 'yan shekarun nan, amma gyaran da ya fi amfani yana hannun mai ɗauka.

Wani ƙaramin abu kuma: idon wayar hannu mai faɗin gani ne, idan aka matso da shi kusa da fuska sai hanci ya kumbura kunnuwa su ja baya. Taku uku ko huɗu baya sun isa, ga kuma ribar da ke ciki, domin da an ja baya sai wurin da mutum yake ya shigo cikin hoton.

Game da hoton ƙasa da kogi, Kwara tana da wata ɗabi'a da duk mai hoto ya kamata ya sani, watau cika biyu da take yi a shekara. Ta farko ita ce ta damina, wadda ke kaiwa ƙarshenta wajen Satumba, ruwan sama ne na kusa ya kwaso laka da yashi, launinsa kamar kunu, shi ya sa masana ke kiransa farin ruwa. Ta biyu kuwa ruwan da ya sauka ne a duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Masina a Mali inda lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso iyakar Nijeriya wajen Disamba da Janairu, garau da shi, ana ce masa baƙin ruwa. Abin mamaki ne a ce kogi yana cika a tsakiyar hunturu, ba gajimare ko ɗaya a sama, ciyawar tudu ta bushe, kuka ta zubar da ganye. Hoton da ya haɗa waɗannan abubuwa, cikakken kogi da busasshiyar ƙasa da farar sama, ya faɗi watan da aka ɗauke shi ba tare da an rubuta ba, ya kuma bayyana dalilin da ya sa noman rani da su ke da ƙarfi a wannan yanki. Wanda ya zo ya rina ruwan Satumba ya zama shuɗi, ko ya zuba wa tudun Janairu kore, ya share wannan ilmi gaba ɗaya, ya bar hoton da zai iya zama na kowane kogi a kowace ƙasa.

Haka zancen hazo yake. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, takan rufe sama ta dushe launi, kuma manhajojin gyaran hoto suna da maɓalli na musamman domin kawar da ita. Amma hazo ba datti ba ne a kan gilashi, yanayi ne na ƙasa, kamar yadda dusar ƙanƙara take ga mutanen Rasha, su kuwa ba a taɓa jin suna goge ta daga hotunansu ba. Bugu da ƙari hazo bawan mai hoto ne idan ya san aikinsa. Yana tausasa rana har a iya ɗaukar fuska a fili da walaha, yana kuma jera abubuwa hawa-hawa, giginyar kusa baƙa, ta tsakiya toka, ta nesa kamar mafarki, wanda shi ne ke sa ido ya ji nisan wuri a kan takarda shimfiɗaɗɗiya.

Kada a ɗauka ana cewa gyara haramun ne. Babu hoton da ba a taɓa shi ba. A zamanin fim, mai wankin hoto yakan shiga ɗakin duhu da dodon hoton, ya tare haske da hannunsa a wani gefe ya ƙara shi a wani, kuma mashahurin mai hoton duwatsu da dazuzzuka na Amurka, Ansel Adams, ya yi shekaru yana sake wanke hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez, wanda ya ɗauka a 1941, yana ƙara wa samansa duhu. Wayar hannu ma kafin ta nuna wa mai ita hoto ta riga ta yi masa gyare-gyare da dama a cikinta. Idon mutum yana iya ganin abin da ke cikin inuwa da abin da ke cikin rana a lokaci guda, na'ura kuwa ba ta kai shi ba, don haka ɗaga duhun inuwa kaɗan, da rage ƙyallin farar riga, da daidaita launi har fari ya zama fari, da miƙe gaɓar kogin da ta karkace, da datse gefen da ba shi da amfani, duk ƙoƙari ne na mayar da hoto kusa da abin da ido ya gani. Wannan shi ne gyara na haƙiƙa, kuma ma'auninsa mai sauƙi ne: idan aka nuna wa wanda yake wurin a ranar, zai ce lalle haka abin yake. Da zarar an cire abin da yake nan, ko an sa abin da babu shi, ko an sauya launin da Allah ya yi wa mutum ko ƙasa, an bar gyara an shiga ƙage.

Manyan gidajen jarida na duniya sun sha faɗawa wannan rami, sun kuma ji jiki. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza biyu kusa da juna domin su shiga bangonta na watan Fabrairu, kuma har yau ana ba da misali da wannan abin kunya a azuzuwan koyon aikin jarida. A gasar World Press Photo ta 2015 an kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an taɓa su fiye da ƙima. A 2023 kuma wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci kyauta a gasar Sony da hoton da kwamfuta ta ƙirƙira, ba mutum ba na'urar ɗauka, sa'an nan ya fito ya ƙi karɓar kyautar domin ya nuna cewa alƙalan ma ba su gane ba. In har ƙwararru sun ruɗu, ina ga mai karatu a ɗakin karatu na jami'a, wanda bai taɓa taka Bagudo ba?

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya gefen, kuma bai kamata a raina ta ba. Mai fuska shi ke da fuskarsa, hoto kuma a wurin yawancin mutane kwalliya ce, ba takardar shaida ba. Amaryar da ta biya kuɗinta ba domin masu tarihi ta biya ba. Masu wannan ra'ayi suna iya kawo Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗaukar mutane a tsakar gidansa da hasken rana, yana kuma ara musu agogo da rediyo da babur su tsaya da su kamar nasu ne. Ga shi yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya. To, me ya raba aron babur da aron benen Dubai? Abin da ya raba su shi ne babur ɗin yana Bamako a ranar, mutumin ya dafa shi da hannunsa, fuskarsa tasa ce, tufafinsa da kitson matarsa na garin ne, don haka mai nazari yana samun gaskiya biyu, yadda mutanen suke da kuma abin da suke buri. Hoton da aka sauya wa baya da fata buri kaɗai ya rage a cikinsa. Adabin Hausa ma ya san ƙari da ƙirƙira, amma yana sanar da su. Mai tatsuniya yakan buɗe da ga ta nan ga ta nanku, ya rufe da ƙurunƙus, kowa ya san inda aka shiga da inda aka fito. Maroƙi idan ya kira mutum giwa ba wanda ke neman haurensa. Hoton da aka jirkita shi ne tatsuniyar da ta zo da rigar labari, ba mabuɗi ba marufi. Amarya ta yi kwalliyarta yadda take so, amma a ajiye na asalin a gefe, kada a goge shi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen zanen fuska. Maɓallin da ke sumulce fata bai san bambancin ƙurji da tsagar gado ba, duka yake shafewa. A wuri irin Illo, inda kabilu da yawa ke cuɗanya, tsaga takarda ce da ake karanta asalin mutum da ita, ga shi kuwa al'adar tana ƙarewa, wayewar kai ta rage ta, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ma ta hana yi wa yaro ita. Ba a kukan ƙarewarta, amma tsofaffin da ke ɗauke da ita su ne na ƙarshe, kuma hoton tsohuwa guda da aka ɗauka da hasken gefe, kowane layi ya fito, ya fi shafi goma na bayani a kundin digiri. J. D. 'Okhai Ojeikere ya gane irin wannan tun 1968, lokacin da ya fara bin matan Nijeriya yana ɗaukar kitsonsu, har ya tara kusan hoto 1,000, da yawa daga cikin salon da ya ɗauka yanzu sai a hotunansa ake ganinsu. Bai ƙara wa kowa gashi ba. Game da farar fata kuwa, hukumar NAFDAC ta yi shelar yaƙi da man bilicin a 2023 saboda illarsa ga lafiya, amma yarinyar da kullum take ganin kanta fara a waya, baƙa a madubi, an riga an yi mata tallan man nan ba tare da an ambaci sunansa ba.

Akwai wata ƙaryar kuma da ta fi kusa da 'yan makaranta, wadda ba a cika magana a kanta ba domin tana kama da kishin al'ada. Ɗalibi ya je ƙauye neman hotunan sana'ar su, sai ya ga masuncin yana sanye da rigar ƙwallon ƙafa, jirginsa da inji, a gefe ga jarkar roba, can baya ga dogon ƙarfen kamfanin waya. Sai ya ce a tuɓe rigar, a kawar da jarkar a kawo gora, ƙarfen kuma ya goge shi da yatsa idan ya koma makaranta, domin hoton ya yi kama da gargajiya. Wannan da mai ɗora benen Dubai jirgi ɗaya ya kwaso su, sai dai ɗaya ya tura mutumin gaba ɗaya ya ja shi baya. Turawan mulkin mallaka sun yi irin wannan a katunan gaisuwa da suka riƙa aikawa gida, ana kuma zarginsu a kai har gobe. Inji da jarka su ne al'adar su ta wannan zamani, kuma idan ana so a nuna yadda ake yi a da, babu laifi a roƙi dattijo ya gwada, muddin an rubuta a ƙasan hoton cewa gwaji ne.

Neman izini ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya tashi cikin Hausawa. Baƙo yakan fara da gaida mai gari, ya faɗi abin da ya kawo shi. Mashayar da mata ke wanka da wanki ba wurin hoto ba ce, kome kyan haskenta, kuma akwai mutanen da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, tilas a bar su da ra'ayinsu. Kusa da shingen jami'an iyaka a Lolo ko Tsamiya kuwa, hankali shi ne a mayar da waya aljihu sai an tambaya.

Abin da ya rage shi ne abin da ake yi da hoto bayan an ɗauka, kuma a nan ne aka fi sakaci. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi, hoto ma haka ya kamata a yi masa: wane wuri, wace rana, wane lokaci na yini, wa ya ɗauka, me ake yi a ciki, da sunan abin a Hausa da kuma harshen masu shi, domin kalmar Kyanganci da aka rubuta a ƙarƙashin hoton wani tarkon kifi tana iya zama ita kaɗai ce shaidar da za ta rage a kansa. Waya tana rubuta rana da lokaci a cikin hoton da kanta, amma idan aka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar takan matse shi ta rage masa inganci ta kuma zubar da wannan bayani, sai fa in an tura shi a matsayin takarda. Waya kuma takan faɗa ruwa, takan ɓace, a bakin kogi ma abin ya fi sauƙi. Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu an kafa su ne domin adana irin waɗannan abubuwa, jami'o'in Sakkwato da Birnin Kabi kuwa suna cikin mafi kusa da Illo, kuma ba abin da zai hana su shar'anta wa duk ɗalibin da ya sa hoto a kundinsa ya miƙa na asalin, wanda ba a taɓa ba, tare da isnadinsa. Hutun da ya faɗo tsakanin Disamba da Janairu ya yi daidai da isowar baƙin ruwa Giris, kuma ɗalibi ɗaya da waya ɗaya, idan ya yi sati guda yana fita da hantsi da la'asar, zai iya dawowa da hoton mashigi da jiragensa, da kasuwa, da rumbuna, da fuskokin dattawan da suka yarda.